Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Muke Taimakon Ɗaliban Fiziks na Jami'a

Daga Sashen Kimiyya

Kowace shekara makarantarmu tana yaye ɗalibai, kuma cikin alherin Ubangiji da dama daga cikinsu sukan sami shiga jami'a. Waɗansu suna so su zama likitoci, waɗansu injiniyoyi, waɗansu masu harhaɗa magunguna, waɗansu kuma masana aikin gona. Hanyoyinsu dabam dabam ne, amma akwai ƙofa guda da kusan dukansu za su bi a shekarar farko, ita ce darasin fiziks. A yawancin jami'o'in ƙasarmu akan soma da ilimin motsi a zangon farko, sa'an nan lantarki da maganaɗisu a zango na biyu. Ɗakin lacca yakan cika da ɗaruruwan mutane, malami kuwa ɗaya ne, ba shi da zarafin sauraron kowa. Wanda ya faɗi darasin dole ya maimaita shi, abin da ɗalibai suke kira kari-oba. Ga mai neman likitanci kuwa, faɗuwa a wannan shekara tana iya raba shi da sashen gaba ɗaya, bayan iyaye sun sayar da hatsi da awaki sun biya kuɗin makaranta.

Tun da wayar hannu da intanet suka yaɗu, tsofaffin ɗalibanmu sukan ɗauki hoton tambayar da ta gagare su su aiko mana. Malaman sashen kimiyya, tare da waɗansu tsofaffin ɗalibai da suka yi nisa a karatu, su ne suke amsawa gwargwadon lokacin da suka samu. Aikin sa kai ne, ba a biyan kowa. Mun ga ya dace mu bayyana wa ɗalibai da iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya yadda aikin yake tafiya, musamman dalilin da ya sa sau da yawa mukan mayar wa ɗalibi da tambaya maimakon amsar da yake jira. Waɗansu sukan ɗauka rowa ce. Akwai dalili, kuma masana sun daɗe da bincika shi.

Me ya sa ɗalibi mai ƙoƙari yakan faɗi?

Mutane da yawa suna tsammani ɗalibi yakan zo ajin fiziks da kai kamar farar takarda, malami ya rubuta a kai. Ba haka abin yake ba. Yaron da ya yi shekara goma sha takwas yana tura amalanke, yana jan guga, yana harbin tsuntsu da ɗanko, ya riga ya yi wa kansa bayanin yadda abubuwa suke motsi. Ya tabbata cewa in aka daina tura abu zai tsaya, kuma abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Irin wannan tunani ya yi kama da na Aristotil, masanin Girka na zamanin da, kuma masu ilimi sun riƙe shi shekaru kusan 2,000 kafin Galileyo ya soma rushe shi, Niyuton kuma ya kafa dokokinsa uku na motsi a littafin da ya buga a 1687. Saboda haka ba abin kunya ba ne ɗalibi ya zo da shi. Matsalar ita ce lacca ba ta cika kawar da shi ba.

A shekarar 1985, Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ɗaliban shekarar farko. Sun gwada su kafin a soma darasi, suka sake gwada su bayan an gama. Abin da suka tarar shi ne yawancin ɗalibai sun fita da tunanin da suka shigo da shi, ko wane ne malamin. A 1992 Hestenes da abokan aikinsa suka fito da wata jarrabawa ta canki-canka a kan ƙarfi da motsi, wadda a siffarta ta yanzu take da tambayoyi 30. Ba lissafi a cikinta ko kaɗan. Hikimarta ita ce amsoshin da ba daidai ba an ɗauko su ne daga bakin ɗalibai, don haka kowace ɗaya tana da daɗin ji.

Wani malami a Jami'ar Harvard mai suna Eric Mazur ya karanta binciken Arizona, ya ɗauka ɗalibansa sun fi ƙarfin wannan, gama suna cikin zaɓaɓɓun ƙasar kuma suna cin jarrabawarsa. A wajen 1990 ya ba su irin waɗannan tambayoyi. Ana cikin yi sai wata ɗaliba ta tambaye shi ko ta amsa bisa ga abin da ya koya masu, ko kuwa bisa ga yadda ita take ganin abubuwa a kullum. Wannan tambaya ta nuna masa cewa akwai fiziks biyu a kan ɗalibin: na jarrabawa, da na rayuwa, ba sa kuwa gaisawa.

Wani zai ce ai maganin shi ne a yawaita yin lissafi. A 2002 waɗansu masana biyu a Koriya ta Kudu, Eunsook Kim da Sung-Jae Pak, suka bincika ɗaliban da suka warware tambayoyin littafi fiye da 1,000 sa'ad da suke shirin shiga jami'a. Suna iya sarrafa fomula ba gargada, amma tsofaffin kurakuran fahimta suna nan daram. Wannan ya kamata ya ja kunnenmu, domin yawancin shirin da muke yi wa WAEC da NECO da JAMB haddace fomula ne da bitar tambayoyin shekarun baya. Yana iya kai ɗalibi bakin ƙofa, amma ba lallai ya shigar da shi ciki ba.

Tambayoyi uku da ba sa ƙarewa

Duk wanda ya daɗe yana amsa wa ɗalibai zai lura cewa lambobi suna canjawa, amma tushen tambayoyin kaɗan ne. Ga guda uku da suke dawowa kowace shekara.

Ta farko ita ce ta dutsen da aka jefa sama. A ce ya bar hannu da gudun mita 20 a sakan. Ƙasa tana jan sa, tana rage masa gudu da kimanin mita 10 a sakan cikin kowace sakan guda. Ainihin adadin 9.8 ne, amma 10 ya fi sauƙin lissafi. Bayan sakan ɗaya gudunsa ya koma 10, bayan sakan biyu ya koma sifiri, a lokacin kuwa ya kai tsawon mita 20. Tambayar ita ce: a wannan ƙololuwa, nawa ne canjin gudunsa, wato abin da littafi yake kira aksalareshan? Ɗalibai da yawa sukan ce sifiri ne, tun da dutsen ya tsaya. To amma in da gudunsa sifiri ne, canjin gudun ma sifiri, ai da sai ya tsaya cak a sararin sama har abada. Ƙasa ba ta daina jan sa ba ko na ƙiftawar ido, shi ya sa bayan sakan na uku yana gangarowa da gudun mita 10 a sakan. Waɗansu kuma sukan zana wata kibiya mai nuna sama, su ce ƙarfin hannu ne yake rakiyar dutsen. Hannu ya gama aikinsa tun lokacin da ya saki dutsen. Abin da ya rage shi ne jan ƙasa, da ɗan turjiyar iska.

Ta biyu ita ce ta karo. Tirela mai nauyin tan 30 ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota mai tan 1. Wace ce ta bugi 'yar'uwarta da ƙarfi mafi yawa? Kusan kowa zai ce tirela, gama mun sha ganin yadda ƙananan motoci suke komawa a kan hanyoyinmu. Doka ta uku ta Niyuton ta ce ƙarfin da tirela ta sa wa motar daidai yake da wanda motar ta sa wa tirela, sai dai suna fuskantar sashe dabam. Bambancin yana wurin sakamako. Tun da ƙarfin ɗaya ne, motar da ta fi sauƙi sau 30 gudunta zai canja sau 30 fiye da na tirela, kuma wannan canji na farat ɗaya shi ne yake hallaka mutanen da ke ciki. Ɗalibi yakan iya rera wannan doka kamar karatun Lahadi, amma da zarar an kawo masa tirela sai ya watsar da ita.

Ta uku ita ce ta ƙwan fitila biyu iri ɗaya da aka haɗa a jere da batir guda. Wane ne zai fi haske? Da yawa sukan ce na farko, wai shi zai fara shan lantarkin, na biyu ya sami ragowa. Haskensu ɗaya ne, domin kwararar da ta bi ta na farko ita ce take bi ta na biyu ta koma batir, ba ta raguwa a hanya. Abin da yake ƙarewa shi ne makamashin da ke cikin batir. A tuna da sarƙar keke: tana zagayawa ba ta raguwa, abin da take kaiwa ga tayar baya shi ne ƙarfin mai tuƙi. Lillian McDermott da Peter Shaffer na Jami'ar Washington sun ba ɗaliban jami'a tambayar jera ƙwayayen fitila bisa ga haskensu, a rahoton da suka buga a 1992 kuwa kimanin kashi 15 cikin 100 ne kaɗai suka amsa daidai, ko an riga an koya masu darasin ko ba a koya ba.

Daga waɗannan misalai za a ga dalilinmu. In ɗalibi ya aiko da tambayar dutse muka rubuta masa amsar muka aika, zai kwafa ya sami maki, amma kibiyar nan mai nuna sama tana nan a kansa, kuma za ta fito a ɗakin jarrabawa inda ba wanda zai taimake shi. Tambayar da ɗalibi ya aiko kamar zazzaɓi ce a wurin likita. Alama ce, sai an bincika a san ciwon.

Ƙa'idodin mai amsawa

Ga ƙa'idodin da muke roƙon duk mai taimako ya kiyaye.

1. A nemi ganin abin da ɗalibi ya gwada. Ba mu amsa hoton tambaya tsirara. Mukan ce ya aiko da hoton takardarsa, ko da kuskure ne daga sama har ƙasa. A cikin kuskuren ne ake ganin tunaninsa.

2. A sa shi ya yi zane. A tambayar motsi, ya zana abin shi kaɗai, ya sa kibiya ga kowane ƙarfi da yake aiki a kansa, ya kuma faɗi wane abu ne yake yin turin ko jan. Kibiyar da ba ta da mai ita, to ƙarya ce, a goge ta. Sau da yawa a nan tambayar take warware kanta.

3. A tambaye shi wace doka ce take aiki, kafin a yi zancen fomula. A 1981 Michelene Chi da abokan aikinta a Jami'ar Pittsburgh suka ba ƙwararru da sababbin ɗalibai tambayoyi su kasa su gida gida. Sababbin suka kasa bisa ga abin da ido ya gani: waɗannan na gangara ne, waɗannan na sifirin ne, waɗannan na igiya ne. Ƙwararrun kuwa suka kasa bisa ga dokar da za ta warware su: waɗannan na doka ta biyu ta Niyuton ne, waɗannan na adana makamashi ne. Aikinmu shi ne mu ja ɗalibi daga kallon farko zuwa na biyu.

4. A ba shi mataki ɗaya, a jira. Ga misalin yadda irin wannan hira takan kasance:

"Malam, barka da yamma. Na sami sifiri a lamba ta huɗu, amma littafi ya ce 9.8. Ko littafin ne ya yi kuskure?"

"Barka kadai, 'yata. A ƙololuwa, wane abu ne yake taɓa dutsen ko yake jan sa?"

"Ƙasa ce kawai, Malam."

"To, in akwai ƙarfi a kansa, me doka ta biyu ta ce game da canjin gudunsa?"

Bayan ɗan lokaci sai amsa ta zo: "Na gane, Malam. Gudun ne sifiri, ba canjinsa ba." Jimlar nan da ta fito daga bakinta ta fi shafi guda da za mu rubuta mata.

5. A duba ma'auni, a kuma tambayi hankali. Kilomita 72 a awa daidai yake da mita 20 a sakan, ana raba shi da 3.6 ne. Wanda ya manta wannan zai iya samun cewa akori-kura tana gudun da ya fi na sauti, wanda yake kimanin mita 340 a sakan, ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashin amsar ba tare da ya yi mamaki ba. Haka kuma kalkuleta: in an bar ta a kan radiyan, sayin na 30 zai fito kusan -0.99 maimakon 0.5. Kada a raina wannan. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mas, domin wani rukunin injiniyoyi ya ba da lambobinsa da ma'aunin fam, ɗayan rukunin kuwa ya ɗauke su a matsayin ma'aunin niyuton.

6. Mai amsawa ya warware tambayar da kansa tukuna, in da hali wani ya duba masa. Amsar da ba daidai ba daga bakin malami ta fi shiru illa, gama ɗalibi zai riƙe ta da hannu biyu. In tambaya ta fi ƙarfin wanda ta zo wa, ya miƙa ta ga wanda ya fi shi sani. Darussan shekara ta uku da ta huɗu mukan tura su ga tsofaffin ɗalibanmu da suka karanta fannin.

7. A ajiye tambayoyin da suke maimaituwa. Bayani mai kyau guda ɗaya, da zane mai tsabta, zai yi wa ɗalibai da yawa amfani shekara da shekaru. Mu ma a aji wannan ajiya tana nuna mana inda ya kamata mu ƙara nauyi tun daga aji huɗu.

8. Kada a yi wa kowa dariya. Ɗalibin da aka kunyata sau ɗaya ba zai sake tambaya ba. Waɗansu, musamman 'yan mata, sun fi sakin jiki in sun aiko a keɓe. Mukan amsa masu, sa'an nan mu raba bayanin ga sauran ba tare da suna ba.

Ɗalibi ya koya wa ɗalibi

Malamai kaɗan ne, tambayoyi kuwa sukan yi ambaliya in jarrabawa ta gabato. Saboda haka mukan bar ɗalibai su fara amsa wa juna, malami ya biyo baya ya gyara. Wannan ya fi ƙarfin dabarar rage aiki. Bayan abin da ya gani a Harvard, Mazur ya canja salon koyarwarsa. Yakan ba da tambaya guda, kowa ya yi tunani ya zaɓi amsa, sa'an nan ya ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, a sake zaɓe. Galibi masu amsa daidai sukan ƙaru a zagaye na biyu. Bayaninsa shi ne wanda ya gane abu yanzun nan yana tune da inda ya yi tuntuɓe, shi kuwa farfesa ya daɗe da mantawa. Ya buga littafi a kan wannan hanya a 1997.

A 1998 Richard Hake na Jami'ar Indiana ya tattara sakamakon darussa 62 masu ɗalibai 6,542. Ya auna kashi nawa ne na makin da ɗalibai suka rasa a farkon zango suka cike a ƙarshensa. A darussan da lacca ce zalla, kimanin kashi 23 cikin 100 ne. A darussan da ɗalibai suke tattaunawa, suna amsawa, ana gyara masu nan take, kimanin kashi 48 ne. Wato riɓi biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya yi wa ɗan'uwansa bayani shi ne yakan fi ƙaruwa.

Batun gaskiya

Akwai iyakar da ba mu ƙetarewa. Ba mu warware aikin gida da za a ba maki, ba mu kuma amsa tambayar da aka aiko daga ɗakin gwaji. In mun gane aikin maki ne, mukan ɗauko wata tambaya mai kama da ita mu bi tare, ɗalibi ya koma ya yi tasa. Dalili na farko shi ne mu masu bi ne, kuma sa sunanka a kan aikin wani shaidar zur ce. Dalili na biyu shi ne kwafa ba ta biya. A Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, David Pritchard da abokan aikinsa suka bi sawun aikin gida da ɗaliban fiziks suke yi ta kwamfuta. In amsar tambaya mai wuya ta shigo daidai cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, sun san kwafa ce. A sakamakon da suka buga a 2010, waɗanda suka kwafi fiye da kashi 30 cikin 100 na aikinsu sun fi sauran faɗuwa fiye da sau uku. Sun kuma lura cewa masu kwafa su ne masu barin aiki sai dab da lokacin miƙawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun daga watan Nuwamba na 2022 da ChatGPT ya fito, manhajoji irinsa suna iya rubuta cikakkiyar amsa cikin 'yan sakan. Ba mu ce ɗalibai su guje su ba. Suna da amfani in ɗalibi ya riga ya yi nasa ƙoƙarin, ya nemi a bayyana masa mataki guda da ya ɗaure masa kai. Amma a san abu biyu. Wani lokaci sukan yi kuskure, kuma sukan faɗe shi da gaba gaɗi kamar gaskiya, sai wanda ya san dokar ne zai kama su. Sa'an nan karanta amsa mai tsari yakan sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali kuwa kallon mai ninƙaya ba ya koya wa mutum ruwa. Gwajin mai sauƙi ne: rufe wayar, ɗauki farar takarda, ka yi tambayar daga farko. In ka kasa, ba ka iya ba tukuna.

Ga ɗalibanmu masu fita

Ku da kuke barinmu bana, ga abin da muke roƙonku. Ku yi fama da tambaya na aƙalla minti ashirin kafin ku aiko. Ku aiko da tambayar duka, da hoto mai fitowa sosai, da zanenku, da aikinku, ku kuma nuna layin da kuka tsaya. "Ban gane ba" ba tambaya ba ce. "Ban gane dalilin da ya sa aka sa alamar ɗebewa a layi na uku ba", wannan ita ce tambaya. Ku aiko tun mako na biyu da na uku, kada ku bari sai daren jarrabawa. Ku nemi abokai biyu ko uku masu himma ku riƙa zama tare. Kada kuma ku ji tsoron ƙwanƙwasa ƙofar malamanku na jami'a da masu kula da ɗakin gwaje-gwaje, gama su ne suka san abin da za su tambaya, mu taimako ne kawai daga gefe. In kun haye, ku juyo ku kama hannun na bayanku.

Ku da kuke aji huɗu da biyar kuwa, ku soma tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk lokacin da malami ya rubuta fomula a allo, ku tambayi kanku abin da take faɗi game da guga da keke da tocilan da ke gidanku.

Ga iyaye da ikilisiya

Iyaye, in ɗanku ya ce yana bukatar kuɗin data domin karatu, ku bincika, in gaskiya ne ku taimaka. In ya dawo hutu, kada tambayarku ta tsaya a kan maki. Ku ce ya bayyana maku abu guda da ya koya, da Hausa ko da harshen gida. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa dalilin da ya sa fasinja yakan faɗa gaba in direba ya taka birki, ya fahimci doka ta farko. Muna kuma roƙon 'yan'uwa a ikilisiya da suke injiniyoyi, likitoci, ko malaman kimiyya, har da waɗanda suka yi ritaya, su ba da awa ɗaya ko biyu a mako. Duk mai niyya ya ga shugaban sashen kimiyya.

A Ayyukan Manzanni sura 8 mun karanta labarin Filibus da wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha da yake karanta littafin annabi Ishaya a cikin karusarsa. Filibus ya soma ne da tambayarsa ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Mutumin, duk da girman matsayinsa, bai ji kunyar cewa yana bukatar mai yi masa jagora ba, ya gayyace shi ya hau su zauna tare. Filibus kuma ya fara bayaninsa daga ainihin wurin da mutumin yake karantawa. Mai tambaya ya ƙasƙantar da kansa, mai amsawa ya je inda mai tambaya yake. Haka muke so aikin nan ya kasance.

Ubangiji ya ba ɗalibanmu hikima da naciya, ya ba malamai haƙuri, ya kuma sāka wa iyaye wahalarsu. Amin.